Canjin Baƙuwa

Shekara goma sha tara ina riƙe igiya
a matsayar jiragen ruwa ta Marina,
inda Sewanu ke loda mutane zuwa Takwa Be.
Ni ɗan Maigatari ne, garin da ruwa sai an tona,
ga shi abincina ya zo ya tsaya a bakin teku.

Wata Asabar ta zo da hular kaba,
da littafi ƙarami, da Turancin da ba irin namu ba.
Ta tambayi kuɗin jirgi.
Barmo, ɗan ƙanena, ya dubi takalminta
kafin ya dubi fuskarta,
ya ninka kuɗin ba tare da ya ƙifta ido ba.
Ta biya. Har da godiya.
Godiyar ce ta tsaya mini a maƙogwaro.

Ya miƙa mata rigar ruwa mai tsinkakken maɗauri,
na fizge, na ba ta tawa.
Wannan kaɗai na iya a lokacin,
don inji ya riga ya tashi
kuma bakina ya yi nauyi.

Da yamma na ce, Barmo, kawo dubu biyun nan.
Ya ce, Kawu, baƙo raɓa ne,
kafin hantsi ya bushe.
Na ce, raɓar ce ke riƙe gero
ranar da sama ta yi rowa.
Kai kana ganin mutum guda ka yanka,
ni ina ganin waɗanda za ta zauna da su a gida
su ce, yaya Ikko?
Abin da ta faɗa a can
zai riga jirginmu isa gaɓa,
yanzu da magana ke tafiya a cikin aljihu.

Na jira jirgin ƙarshe da kuɗin a hannu.
Ashe ta bi na Ikoyi ta koma.

Tun ranar na sayo fenti,
na rubuta farashi a jikin allo,
manyan baƙaƙe, yadda mai tabarau ma zai gani daga titi.
'Yan kamasho suka yi sati ba sa gaishe ni.
Iya Morenike mai soya kifi ta ce na haukace,
washegari na ga ta rataya nata allon.

Ran Litinin, da babu ciniki,
mukan haye da buhuna.
Ledar ruwa, robar lemo, silifa ƙafa ɗaya,
duk abin da birni ya tofar, teku ta dawo mana da shi.
Sewanu ya ce a zamanin kakarsa
kunkurun ruwa kan fito nan da dare ya binne ƙwai.
Ni ban taɓa gani ba.
Ina dai share masa wuri.
Wa zai biya kuɗin jirgi ya zo kallon juji?
Yashin nan shi ne gonarmu,
ba mu da wata, kuma ba a sayo sabuwa a Balogun.

Barmo yanzu shi ke ɗinke maɗauran riguna,
yana ƙirga kawuna kafin a kwance igiya,
in sun kai sha biyu ya ce ya isa,
ko da na sha uku yana kaɗa kuɗi a sama.
Bai taɓa ce mini na yi gaskiya ba.
Ban kuma tambaye shi ba.

Dubu biyun suna nan cikin ambulan
a aljihun da ke saitin zuciyata.
Gishirin iska ya cinye musu launi.
Da a ce yau ne, ko kifin Iya ba za su saya ba.
Amma ba nawa ba ne.
Duk macen da ta sauko matakala da hular kaba
sai na miƙe tsaye,
igiya a hannun hagu,
na dama a kan aljihu.